Sandar Makiyayi da Dokar Kafaɗa a Ƙwallon Ragar Rairayi

Akwai wani hukunci a wasan ƙwallon raga na kan rairayi da ke ɗaure wa sabon ɗan kallo kai. Ɗan wasa ya shiga ƙarƙashin ƙwallo, ya ɗaga hannu biyu sama da goshinsa, ya tura ta da yatsu ta haye raga, ta sauka a wani lungu inda babu kowa. Ba ta fita layi ba, shi bai taɓa raga ba, bai kuma riƙe ta ba, amma sai alƙalin wasa ya busa usur ya miƙa makin ga ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya koyi wasan a filin makaranta, inda ake yin shida da shida, zai rantse an yi fashi da rana tsaka, domin a can wannan wayo ne da ake yi wa tafi. Laifin ɗan wasan ɗaya ne tak: ƙirjinsa na fuskantar gabas, ƙwallon ta tafi arewa maso gabas. A ganina wannan doka, da wasu ke ɗauka tsirfa ce ta masu rubuta dokoki, ita ce ginshiƙin da ke riƙe da wasan mutum biyu da biyu, kuma duk garin da ke son ɗaukar wasan da ita ya kamata ya fara, tun kafin ya nemi ƙwallo mai tsada.

Maganar ta shafi gari irin Dakwaro, a arewacin jihar Maraɗi, fiye da yadda sunan wasan ke nunawa. Da bakin teku Turawa suka raɗa masa suna, saboda a can ya girma: a gaɓar Santa Monica ta jihar Kalifoniya aka fara yin sa biyu da biyu wajen 1930, shekaru 35 bayan William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a 1895. Amma teku ba ta cikin kayan wasan. Abin da hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ta nema shi ne fili mai tsawon mita 16 da faɗin mita 8, raga mai tsayin mita 2 da santimita 43 ga maza, mita 2 da santimita 24 ga mata, sai rairayi mai laushi wanda a gasanninta zurfinsa ba ya gaza santimita 40. A manyan birane da motoci ake kwaso wannan rairayi a zuba. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, a gindin hasumiyar Eiffel aka shimfiɗa shi. Tsakanin Dakwaro da teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 900, amma daga jigawar noman hatsi ta wajen Kornaka har zuwa kwarin Tarka, rairayi ne ke cin ƙafar jaki da tayar babur. Abin da wasu ke saye da kuɗi mai yawa, a nan shi ake sharewa daga ƙofar ɗaki kowace safiya. Sai dai a tankaɗe shi a fid da ƙarangiya da ƙaya, tunda ba da takalmi ake wasan ba, a kuma kauce wa rana tsaka a Afrilu da Mayu, lokacin da rairayin ke toya tafin ƙafa.

To, me dokar ta ce? A littafin dokokin FIVB, duk taɓin da ya nufi da ƙwallo ɓangaren abokan karawa, in aka cire bugun farawa da tarewa a bakin raga, sunansa hari, ko da a hankali aka tura ta kamar mai miƙa ƙwai. Sashe na 13 ya jero laifuffukan hari, cikinsu har da wannan: idan ɗan wasa zai haye da ƙwallo ta hanyar ɗagawa da yatsun hannu biyu daga saman kai, dole hanyar da ta bi ta gitta layin kafaɗunsa daidai, babu karkata. Mafi sauƙin gane wannan shi ne a tuna makiyayi a hanyar Bermo, ya gicciya sandarsa a kan kafaɗu ya rataya hannuwa a kanta. Sandar nan ita ce layin kafaɗu. Ƙwallon hanya biyu kacal gare ta: ko ta tafi sak inda ƙirjinsa ya dosa, ko ta tafi sak ta bayan ƙeyarsa. Da zarar ta karkata wajen ɗaya daga cikin bakunan sandar, an yi laifi. Ba a duba inda ƙafafu suka fuskanta, ba a duba inda ido ke kallo. Kafaɗu ake dubawa a daidai lokacin taɓin. Dokar ta yi togaciya guda: idan abokin wasansa yake ƙoƙarin ɗaga wa ƙwallon, sai ta zarce ta haye raga, ba a kama shi da wannan laifi.

Dalilin dokar yana cikin lissafi. A wasan shida da shida kowane ɓangare mita 9 ne sau 9, wato murabba'in mita 81. In aka raba wa mutum shida kowa ya tashi da 13 da rabi, kuma a kan daɓe mai tauri inda ƙafa ke samun madogara. A kan rairayi kowane ɓangare mita 8 ne sau 8, murabba'in mita 64, mutum biyu, kowa 32. Ko wannan ma rabon takarda ne. A zahiri ɗaya yakan tsaya a bakin raga don tarewa, ya bar ɗan'uwansa shi kaɗai da kusan dukan filin. Shi ya sa kafin bugun farawa za a ga mai tarewa ya kai hannu bayansa yana nuna yatsu: yatsa ɗaya na nufin zai toshe hanyar layi, biyu na nufin zai toshe ta karkace, na baya kuma ya san abin da ya rage masa. Babu canji, babu na uku da ke jira a gefe. Wanda ya gaji da gajiyarsa zai ƙarasa. Wanda kuwa ya taɓa bin akuya da gudu a kan tudun rairayi ya san taku uku na farko su ne masu wuya, ƙafa na nutsewa tana zamewa baya. Ita kanta FIVB ta ga filin ya yi wa mutum biyu yawa, a 2001 ta rage shi daga 18 sau 9 zuwa 16 sau 8, don ƙwallo ta riƙa daɗewa a sama kafin ta faɗi.

A irin wannan fili gudu kaɗai ba ya fid da mai tsaro, lura ce ke fid da shi. Idonsa na kan jikin mai hari: yadda ya tako, inda ya juya kafaɗa, yadda ya ja gwiwar hannu baya, ko zai kwaɗa ne ko lallaɓawa zai yi. Duka da hannu ɗaya yana ba da waɗannan alamu ko mai dukan bai so ba, saboda taɓi guda ƙwallon take yi da tafin hannu ta tashi, dole jiki ya shirya tun kafin ta iso. Ɗagawa da hannu biyu kuwa daban take. Yatsu goma ne ke kewaye ƙwallon, tana ɗan nutsewa cikinsu kafin ta fita, ga shi ƙwallon rairayi ta ɗan fi ta cikin zaure girma, ta kuma fi ta laushi, domin iskar da ake hura mata wajen kashi biyu cikin uku ce ta waccan. A cikin wannan ƙiftawar ido gwani na iya murɗa wuyan hannu ya aika ta kowace kusurwa, kusa ko nesa, jikinsa bai faɗi komai ba. A duk wasan babu taɓin da ke ba da iko irin wannan. Shi ne mafi kusa da a cafe ƙwallo a jefa. In aka sake shi babu takunkumi, mutum biyu masu wayo ba za su wahalar da kansu da tsalle da duka ba. Tsayawa za su yi su riƙa ajiye ƙwallo inda ba kowa, wanda ya karɓi bugun farawa ya ci makin kusan kullum, ɗan kallo ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida. Dokar ba ta hana hayewa da ɗagawa ba, kuɗin fito ta sa mata: mai son ikon yatsu goma sai ya biya da nuna wa abokin karawa layin da ƙwallon za ta bi. Ya rage ga mai tsaro ya gane gaba ce ko baya, gajera ce ko doguwa, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Wannan doka tana da ƙanwa a sashe ɗaya da ita. A wasan shida da shida mai hari na iya yin tsalle kamar zai kwaɗa, sai ya buɗe hannu ya ɗora ƙwallon da kan yatsu a bayan masu tarewa. A kan rairayi an hana wannan. Mai son ɗan gajeren taɓi sai ya lanƙwashe yatsu ya tsokane ta da gaɓoɓinsu, ko ya haɗe yatsun ya sandarar da su kamar kan maciji ya soke ta, ko ya shafe ta da tafin hannu ta mirgina ta haye. Kowannensu duka ne, kuma kowannensu na iya kuskurewa. Haka wajen karɓar bugun farawa: wanda ya karɓa da yatsu a buɗe dole taɓin ya fita tsaf, hannu biyu lokaci guda, shi ya sa kusan kowa da damatsa yake karɓa. An dai yi rangwame ga wanda aka kwaɗo wa ƙwallo da ƙarfi, shi an yarda ta ɗan daɗe a yatsunsa, tunda ba shi da sararin ƙulla dabara. Dokokin nan tushensu ɗaya: gwargwadon ikon da taɓi ke ba ɗan wasa, gwargwadon tsananin da ake yi masa.

Mai ja da wannan zai ce ai yaudara ita ce gishirin wasa. Ɗan ƙwallon ƙafa na kallon dama ya ba da ƙwallo hagu, fili ya kaure da ihu. Don me a nan za a hukunta wayo? Maganar na da ƙarfi, amma ta manta cewa wasanninmu na gida ma haka aka gina su. Ɗan langa na riƙe da ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya. In ya sake ta zai fi gudu, amma ya fita daga wasa, domin riƙon nan shi ne langar gaba ɗaya. A fagen kokawa, tun daga gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, har zuwa gasar Takobi ta yau, ba a yarda ɗan kokawa ya kai naushi ba. Naushi gwaninta ne, ga dambe can yana jiran mai so; amma in aka bar shi a fagen kokawa, ba mai sake ganin kamu da taɗiya da ɗauka. A kan rairayi ma ba a kashe yaudara ba, matsa ta aka yi ta ƙara kaifi. David Åhman da Jonatan Hellvig na ƙasar Suwidin, waɗanda suka ci zinare a Faris a 2024 kowannensu yana da shekara 22, da yaudara suka yi suna. A taɓi na biyu, maimakon mai ɗagawa ya tsaya a ƙasa, sai ya taka ya yi tsalle kamar zai kwaɗa. Mai tarewa ya rasa ta yi: in ya tashi tare da shi, sai ya ɗaga wa abokinsa can gefe inda raga ke buɗe, in bai tashi ba, ya kwaɗa. Duk cikin doka ne, domin ɗagawar ga aboki ce, dukan kuma duka ne. Abin lura shi ne zaɓi biyu ne a gaban mai tsallen, kowanne da wahalarsa. Da an ba shi na uku, wato ya sulale da ƙwallon a karkace da yatsu ya ajiye ta bayan raga, da bai ga dalilin wahala da sauran biyun ba, kuma da wuya a ce salon ya samu.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Dokar ta jingina da idon alƙali. Babu ma'auni a fili da zai ce karkatar ta kai laifi ko ba ta kai ba, kuma togaciyar nan ta abokin wasa ta sa alƙali neman niyyar mutum, abin da ko a kotu yake da wuya. Ga iska kuma. Wanda ya san hunturu a arewacin jihar Maraɗi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke tasowa da hantsi tana ɗauke da ƙura, ya san ƙwallo mai nauyin giram 260 zuwa 280 ba kullum take zuwa inda aka aike ta ba. Amma togaciyar don irin wannan take, kamar yadda ake canza ɓangare duk bayan maki 7, ko 5 a zagaye na uku, don kada rana da iska su zama rabon mutum ɗaya. Niyyar kuma ba a zuciya ake neman ta ba, a fili take ga mai ido. Taɓi na nawa ne? In na uku ne, babu maganar ɗaga wa aboki, tunda babu sauran taɓi. Hayewa ƙwallon za ta yi, dole ta bi kafaɗa. A tuna kuma a kan rairayi tarewa ma ana ƙirga ta cikin ukun, saɓanin wasan shida da shida. In na biyu ne, ƙwallon ta tashi sama sosai kusa da raga, a gefen da abokin ke tahowa, iska ta tura ta, kowa ya ga ɗagawa ce. In kuwa ta fita a miƙe da sauri ta nufi lungun da ba kowa, abokin yana can wani gefe, ba sai an kai ga rantsuwa ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai lokutan da alƙalai biyu masu gaskiya za su saɓa, ba musu. Haka taɓa ƙwallo da hannu yake a ƙwallon ƙafa, haka kayen da ake kwana ana gardama a kansa bayan an tashi daga fage, kuma ba wanda ya ce a soke dokokin saboda haka.

Akwai kuma masu cewa tsananin alƙalai ya kusa korar ɗagawa da yatsu daga wasan, har ƴan wasa da yawa suka koma ɗagawa da damatsa don gudun usur, wasan ya rasa wani kyau nasa. Koken gaskiya ne, sai dai an kai shi ƙofar da ba tasa ba. Abin da ya tsorata masu ɗagawa wata doka ce daban, ta taɓi biyu, wato ƙwallo ta taɓa hannu ɗaya kafin ɗayan, inda a da wasu alƙalai ke busa usur da sun ga tana juyawa a sama, alhali littafin doka bai ce juyawa laifi ba ce. Ita kuwa sassauta ta ake ta yi. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta yarda tun 2024, a ƙwallon ragar mata ta cikin zaure, cewa taɓi biyu wajen ɗaga wa abokiyar wasa ba laifi ba ne muddin ƙwallon ba ta haye raga ba, FIVB ma ta fara gwada irin haka a 2025. A dubi inda sassaucin ya tsaya. Abin da mutum ya yi da ƙwallo a cikin gida, tsakaninsa da abokinsa, ana yi masa afuwa; abin da zai aika wa maƙwabci kuwa yana nan da tsananinsa.

Ko wasan na ƴan bakin teku ne kaɗai? Suwizalan ba ta da teku, amma ƴan wasanta sun ci tagulla a Olamfik ta 2004, da ta Tokiyo, da ta Faris, kuma ana yin babbar gasa a garin Gstaad, tsakiyar duwatsu. Ruwanda, ita ma marar teku, ta karɓi gasar zagayen duniya a Rubavu, bakin tafkin Kivu, a 2019. Cherif Younousse haifaffen Senigal da Ahmed Tijan haifaffen Gambiya sun ci wa Katar tagulla a Tokiyo a 2021. Maganar sutura, da ke sa iyaye da yawa kau da kai daga wasan, FIVB ta sassauta ta tun 2012, kuma Doaa Elghobashy ta Masar ta yi wasa a Riyo a 2016 da ɗankwali rufe da kanta, da riga mai dogon hannu da dogon wando. Olamfik ta matasa ta 2026 da aka ba Senigal, karo na farko da wata gasar Olamfik ta zo Afirka, ta sa ƙwallon ragar rairayi cikin jerin wasanninta, har ma da kokawar kan rairayi.

Saura tambayar da malamin motsa jiki a Dakwaro ko Kornaka zai yi, kuma yana da gaskiyar yin ta: yara ne ke wasa da la'asar a bayan makaranta, da igiya a madadin raga, me ya haɗa mu da dokar da FIVB ta rubuta? In yara takwas ne a kowane gefe, babu abin da ya haɗa su. Fili a cike yake, ba lungun ɓoye ƙwallo, a bar su su yi ta yi. Amma ranar da aka ce biyu da biyu, lissafin nan na murabba'in mita 32 ya hau kansu kamar yadda ya hau kan ƴan wasan Olamfik. Hannu kuma yana riƙe abin da ya saba. Yaron da ya shekara uku yana cin maki da karkatacciyar ɗagawa, ranar da ya tsaya gaban alƙalin da ya san doka zai tarar makaminsa mafi kaifi laifi ne, kuma raba shi da ɗabi'ar zai fi koya masa daidai tun farko wuya. Ga shi dokar ba ta cin ko dala. Sanda ɗaya ta isa a koyar da ita: a ɗora wa yaro a kafaɗa ya ga hanyoyinsa biyu, a sauke, a jefa masa ƙwallo, a sa shi ya koyi zagayawa da ƙafa ya daidaita ƙirjinsa da inda yake nufi tun ƙwallon na sama. Wannan aikin ƙafa shi ne dai tushen kyakkyawar ɗagawa ga aboki, saboda haka ba a yi asarar la'asar ba. In kuma ƙwallon ta zo masa a karkace a taɓi na uku, babu sararin juyawa, sai ya sauke hannu ya haye da ita da damatsa, wanda doka ta bar shi ya aika duk inda ya ga dama.